Zoben Sunan Fir'auna: Yadda Ake Karanta Sarautar Sarakunan Tsohuwar Masar

Ga abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako. Mun sa shi a takarda saboda waɗanda ba su samu saurare ba, da kuma waɗanda suka ce a rubuta musu don su riƙa dubawa a tsanake.

Asalin maganar tambaya ce daga wani mai saurarenmu da ke sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, nan Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara. Ɗansa yana karatu a Azhar, sai ya aiko masa da hoto ta waya: ya tsaya kusa da wani ƙaton mutum-mutumin dutse, a kafaɗarsa an sassaƙa wani dogon zobe cike da ƙananan zane-zane. Malamin ya ce, shin wannan ado ne irin adinkra na Asante, ko kuwa rubutu ne? In rubutu ne, me ya ce?

To, Malam, rubutu ne, kuma sunan sarki ne. In ka bi mu har ƙarshe, da yardar Allah za ka karanta suna ɗaya ko biyu da kanka.

Bambancinsa da adinkra

Kai da ka zauna a Ghana ka san adinkra. Ka ga Gye Nyame a jikin kujerar roba, ka ga Sankofa a ƙofar gida. Kowace alama tana ɗauke da magana guda cikakkiya, amma ba za ka iya rubuta wa ɗan'uwanka na Kumasi wasiƙa da su ka ce ya aiko maka da goro ba. Masanan Turai sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaton rubutun Masar, wanda ake kira hirogilif, haka yake, wato kowane tsuntsu wata hikima ce ɓoyayya. Wannan zaton shi ya hana su karanta shi.

Gaskiyar ita ce yawancin alamomin sauti suke rubutawa. Bari mu kwatanta da Hausa. A ce kana so ka rubuta "fara", ta fara aiki. Yaya za ka zana farawa? Ba ta zanuwa. Sai ka zana fara, wadda ake soyawa a ci da yaji, mai karatu ya furta sunanta, ya gane nufinka. Haka Masarawa suka yi. Kalmar "ɗa" a harshensu tana da sauti ɗaya da sunan wata agwagwa, wato "sa", saboda haka in za su rubuta "ɗa" sai su zana agwagwa.

Alamomin da aka saba aiki da su sun kai wajen 700. A cikinsu akwai kamar 24 masu baƙi ɗaya-ɗaya: igiyar ruwa ita ce "n", bakin mutum "r", mujiya "m", curin gurasa mai kama da rabin da'ira "t". Akwai masu haɗa baƙi biyu ko uku wuri guda. Akwai kuma waɗanda ba a furta su sam, ana ajiye su a ƙarshen kalma ne don su nuna maka mutum ake nufi, ko gari, ko tafiya.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wuya a nan ba, domin babbaƙu kawai suke rubutawa, babu farfaru. Kamar littafin Larabci mara wasali ne. Shi ya sa za ka ga wani ya rubuta Amun, wani Amon, wani Amen. A dutse baƙaƙen ne kawai, wasulan masana ne suka sa don baki ya iya furtawa.

Ta ina za ka fara? Dubi fuskar tsuntsaye da mutanen da ke cikin layin. In sun fuskanci dama, fara daga dama kamar Larabci. In hagu suke kallo, fara daga hagu kamar boko. Wato ka tunkare su gaba da gaba, kamar mai zuwa gaisuwa. In alama tana bisa wata, ta sama ake fara karantawa.

Zoben suna

Wancan dogon zoben da ke hoton, igiya ce aka zana, an naɗe ta, an ƙulle bakinta da ɗan layi a ƙarshe. Masarawa suna kiransa "shenu", daga kalmarsu ta kewayewa, ma'ana sarki yana mulkin duk abin da rana ta kewaye. Turawa kuwa suna ce masa kartush. 'Yan'uwanmu na Lome, Wagadugu da Yamai sun san kalmar, kwanson harsashi ke nan da Faransanci, don siffarsa ta yi kama da shi. An fara sa sunan sarki cikin zobe tun wajen shekara ta 2600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, zamanin da aka soma gina manyan dalar nan. Ɗan layin ƙullin yana da amfani a gare ka: inda yake, nan ne ƙarshen sunan, sai ka fara daga ɗaya gefen.

Sunaye biyar na sarki ɗaya

Ka san a wurinmu ba a kiran sarki da suna tsirara. Akwai sunan yanka, akwai sarauta, akwai laƙabi, akwai kirari, a ƙarshe a bi da addu'a. Sarkin Masar ma haka, sai dai su sun tsara abin ya zama sunaye biyar, kowanne da alamar da ke shige masa gaba kamar zagi.

Na farko sunan Horus. Za ka ga shaho tsaye bisa wani zane mai kusurwa huɗu da ke nuna gaban fada, sunan yana ciki. Shi ne mafi tsufa. Sarki Narmer, wajen 3100 kafin Miladiyya, da kifin tarwaɗa da ƙarfen sassaƙa aka rubuta nasa, "nar" da "mer". Daga baya sarakuna da yawa suka riƙa buɗe wannan suna da "ka nakht", wato bijimi mai ƙarfi. Duk wanda ya taɓa jin maroƙi na ce wa basarake bajimi ko toron giwa, ya san wannan kirari ne.

Na biyu sunan Uwargijiyoyi Biyu: ungulu da gamsheƙa, kowace a bisa kwando. Ungulu ta kudu ce, gamsheƙa ta arewa. Na uku sunan Horus na Zinariya: shaho a bisa alamar zinariya, mai kama da sarƙar wuya. Waɗannan ukun ba a sa su cikin zobe.

Na huɗu shi ne sunan gadon sarauta, wanda sarki ke ɗauka ranar da ya hau. Zaginsa wata ciyawar fadama ce da ƙudan zuma, ana karanta su "nesu biti", Sarkin Kudu da Arewa. Ka tuna kogin Nilu daga kudu yake gangarowa, shi ya sa suke kiran kudu Masar ta Sama. Na biyar sunan haihuwa, zaginsa agwagwar nan da da'irar rana: "sa Ra", ɗan Ra, abin bautarsu na rana. Waɗannan biyun su ne cikin zobe, su ne kuma za ka fi gani. Ba sai mun faɗa ba, karanta abin da suka rubuta game da gumakansu sanin tarihi ne, yarda da shi kuma wani abu ne daban.

Me ya sa sarki ke bukatar suna na biyu? Dubi Kumasi. Asantehene na yanzu an san shi da Nana Barima Kwaku Duah, da ya hau kujera a 1999 sai ya zama Otumfuo Osei Tutu na biyu. Ko ka dubi Kano, inda aka yi Muhammadu da yawa, laƙabi ne ke raba Rumfa da Kisoki da Zaki, kamar yadda yake raba Abdullahi Maje Karofi da Abdullahi Bayero. A Masar an yi sarakuna 11 masu suna Ramsis. Lambobin nan na "na biyu", "na uku", masana tarihi ne suka maƙala musu. A dutse, sunan gadon sarauta ne ke nuna maka wane ne. Ramsis na biyu, wanda ya yi shekara 66 yana mulki daga wajen 1279 kafin Miladiyya, nasa shi ne User-maat-ra Setep-en-ra, kusan ma'anar "gaskiyar Ra mai ƙarfi ce, zaɓaɓɓen Ra".

Bayan zoben sau da yawa za ka ga wata alama mai kusurwa uku da wata mai kama da mabuɗi mai madauki a sama. "Di ankh" ke nan, an ba shi rai, wani lokaci a ƙara "har abada". A takardu kuma sukan bi sunan sarki da alamomi uku: rai, wadata, lafiya. Ai "ranka ya daɗe" ke nan, ko "Allah ya ja zamanin sarki". Wanda ya mutu kuwa sai a sa masa "maa kheru", mai gaskiyar murya, a gurbin da mu muke sa marigayi.

Ita kalmar Fir'auna fa? Ba ta cikin biyar ɗin, kuma ba sunan mutum ɗaya ba ce. Asalinta "per aa", babban gida, wato fada. Sai wajen ƙarni na 15 zuwa na 14 kafin Miladiyya aka fara kiran sarkin kansa da ita, kamar yadda muke cewa "fada ta ce" alhali sarki muke nufi.

Mu gwada tare

Ɗauki Tutankhamun, yaron sarkin nan da Howard Carter ya gano kabarinsa a watan Nuwamba na 1922. Ya hau sarauta yana ɗan shekara 8 ko 9, wajen 1332 kafin Miladiyya, ya rasu bai kai 20 ba.

Zobensa na gadon sarauta alamomi huɗu ne, daga sama zuwa ƙasa: da'irar rana, buzuzu, 'yan layuka uku, kwando. Rana "ra". Buzuzu, mai mirgina kashin shanu, "kheper", ma'ana kasancewa ko bayyana. Layuka uku alamar jam'i ce, sai ya zama "kheperu". Kwando "neb", ubangida. Yanzu kana jiran ka ji Ra-kheperu-neb, ko? A'a, Neb-kheperu-ra ake karantawa. Dalili kuwa ladabi ne: sunan abin bauta a gaba ake rubuta shi ko da a ƙarshe ake furta shi, don ba a shiga gaban babba. Riƙe wannan ƙa'ida, tana ɓatar da mai koyo sosai.

Zoben haihuwarsa ma haka. Da fari ganyen kara a tsaye, allon dara, igiyar ruwa: "i", "mn", "n", sunan Amun ke nan, an sa shi gaba. Sai curin gurasa, ɗan tsako, curin gurasa: "t", "w", "t", wato tut, siffa. Sai mabuɗin nan, ankh, rai. Ka mayar da Amun baya, ka samu Tut-ankh-Amun, rayayyar siffar Amun. Alamomi uku na ƙarshe, waɗanda sandar makiyayi mai lanƙwasa ke jagoranta, sarauta ce: mai mulkin birnin Tibis, inda Luksor take a yau. Shi ke nan, ka karanta rubutun da ya haura shekara 3,300.

Yadda mabuɗin ya ɓace, aka kuma samo shi

Rubutun hirogilif na ƙarshe da aka san kwanan watansa an yi shi a tsibirin Filae a shekara ta 394 Miladiyya. Daga nan masu karanta shi suka ƙare. Malaman Musulmi irin su Ibn Wahshiyya sun gwada warware shi tun wajen ƙarni na 10, amma ƙofar ba ta buɗu ba.

A 1799 sojojin Faransa suka tono wani dutse a garin Rashid, kusa da inda Nilu ke shiga teku. Sanarwa ɗaya ce ta shekara ta 196 kafin Miladiyya, don girmama Sarki Ptolemy na biyar, an rubuta ta da rubutu uku: hirogilif, rubutun yau da kullum na Masarawa, da Girkanci. Dutsen yana gidan tarihin Birtaniya a Landan tun 1802. Da yake masana sun iya Girkanci, sai suka ce inda duk sunan sarki ya fito a Girkancin, zoben nan ne takwaransa. Thomas Young na Ingila ya fara gano wasu baƙaƙe ta haka. Bafaranshe Champollion, ana furta shi Shamfoliyon, ya gwama zoben Ptolemy da na Kiliyofatara, ya ga "p", "o" da "l" sun faɗo daidai inda ya kamata a duka biyun.

Saura tambaya guda: ko sunayen baƙi kawai ake rubutawa da sauti? A watan Satumba na 1822 ya samu zanen wani zobe daga Abu Simbel: rana a gaba, wata alama da bai sani ba a tsakiya, "s" biyu a ƙarshe. Shi kuwa ya iya Ƙibɗanci, harshen da Kiristocin Masar ke ibada da shi har yau, wanda jikan harshen fir'aunoni ne. Mutanen Ghana sun san Ƙibɗawa, domin Fatiya matar Kwame Nkrumah daga cikinsu ta fito. A Ƙibɗanci rana "re" ce, haihuwa kuma "mise". Ya haɗa: Ra-mes-ses, Ramsis, Ra ne ya haife shi. Sunan sarki ne ya buɗe harshen baki ɗaya, bayan fiye da shekara 1,400 a kulle.

Suna ana iya kankare shi

Mai tambayarmu ya fi mu sanin cewa lambar da ke jikin inji ita ce shaidarsa, kuma in ka ga an goge ta an buga wata, akwai magana. A Masar ma an yi haka da zoben suna. Hatshepsut mace ce, ta yi sarauta wajen shekara 20 da cikakkun sunayen sarki, nata na gadon sarauta Maat-ka-ra. Shekaru bayan rasuwarta aka bi gine-ginenta ana farfashe zobenta. Tutankhamun da kansa Tutankhaten aka raɗa masa, ya sauya suna lokacin da fada ta bar addinin Aten na Sarki Akhenaten ta koma ga Amun. Duk da haka Horemheb, wanda ya yi sarauta bayansa, ya kankare sunansa a wurare da dama ya sa nasa. Ramsis na biyu ya ɗora sunansa a kan mutum-mutumin magabata, nasa kuma ya sa aka sassaƙa da zurfi yadda zai yi wuyar gogewa.

A Abidos, cikin ginin Sarki Seti na ɗaya, akwai bango mai jerin zobe 76 na sarakunan da suka gabata. Babu Hatshepsut a ciki, babu Akhenaten, babu Tutankhamun. Ba mantuwa aka yi ba, cire su aka yi. Ka san a al'adar Akan sarkin da aka tuɓe ba a baƙanta masa kujera a ajiye tare da ta magabata. To, jerin sarakuna duk inda yake, ka tambayi wa ya rubuta shi, don wa, kuma wa aka bari a waje.

A ɗaya gefen, zoben yana karɓar baƙo. Taharka, wanda ya mulki Masar daga 690 zuwa 664 kafin Miladiyya, mutumin Kush ne, dalarsa tana Nuri a Sudan, amma da zobe biyu aka rubuta shi kamar kowa. Haka Iskandar na Girka, haka sarakunan Rum.

Mu dawo gida

Me ya kawo wannan dogon labari zango? Masarawa a dutse suka rubuta, duk da haka da masu karatun suka ƙare sai sunayen suka yi shiru. Mu kuwa namu a takarda yake, da kuma bakin tsofaffi. Kowa a Sabon Zongo, maƙwabtan Abossey Okai, ya san sunan Malam Baƙo da ya kafa unguwar, a Nima kuma ana ambaton Malam Amadu Futa. Amma tambayi saurayi ya jero maka sarakunan zangonsu da na ƙabilarsu, wa ya gaji wa, a wace shekara aka yi naɗi, ka ga inda zai tsaya. Rigingimun sarauta da yawa a irin wannan giɓin suke tsirowa.

Magabatanmu sun yi rubutu. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya bar tarihi da waƙoƙi da Larabci da ajami, kuma Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara irin waɗannan takardu tun shekarun 1960. Saura da yawa suna cikin akwatunan gidajenmu: wasiƙu masu hatimi, takardun naɗi, takardun fili. Matasan da ke iya karanta ajamin Hausa suna raguwa, gara tana ci, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a Accra ya san abin da ruwa ke yi wa takarda cikin dare ɗaya.

Saboda haka ga roƙonmu. In akwai tsohuwar takarda a gidanku, kada ka jefar don ba ka iya karanta ta ba. Ɗauki hotonta da waya gaba da baya, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka nemi malamin da ya iya ajami ya karanta maka kana naɗar muryarsa. In hoton naɗi ne, rubuta a bayansa cikakken suna, sunan uba, laƙabi, sarauta, shekara, da wanda ya yi naɗin. In ana saɓani kan wani da ya riƙe sarauta, rubuta shi, ka rubuta saɓanin, kada ka tsallake shi.

Shi kuma mai tambayarmu, Malam, ka ce wa ɗanka ya matso ya sake ɗaukar hoton zoben da kyau. Dubi abin da ke bisansa ko gabansa: in ciyawa da ƙudan zuma ne, sunan gadon sarauta ne, in agwagwa da rana ne, sunan haihuwa ne. Nemi da'irar rana, ka ajiye ta sai ƙarshe, ka bi sauran. Abin da ya gagare ka ka aiko mana, mu duba tare a shiri na gaba. Allah ya sa mu dace, a huta lafiya.